Keken Likitan Kaji

Duk wanda ke cin kasuwar Gidan Amumune ya san Sirajo likitan kaji. In bai san sunanshi ba, to ya san kularshi ta ƙanƙara, wata shuɗiya mai farin murfi da aka ɗaure hannunta da waya tun shekarar da ya karye. Dogon mutum ne siriri, ya ba arba'in baya, ga saurin tafiya, ga saurin fushi, ga son a yaba mashi. Wannan na ƙarshen kam ko shi ba ya musu.

Manomi ne kamar mahaifinshi Alhassan, gero da wake, sai ƴan awaki. Aji huɗu ya yi a lakwal, makarantar boko, aka cire shi ya koma kiwo. Amma ɗan karatun nan bai tafi a banza ba. Da ma'aikatan kiwo suka zo neman wanda za su koya ma allurar rigakafin kaji, shi kaɗai aka samu a ƙauyensu da zai iya karanta abin da ke jikin kwalba. Kwana goma ya yi a Mayahi ana ba shi horo, kuma maganar da aka fi nanata mashi guda ce: maganin nan ba ya son zafi. Muddin ƙanƙarar da ke cikin kula ta narke, ruwan ya yi ɗumi, to abin da ke cikin kwalba ya mutu, a zubar.

Shekara tara yana wannan aiki. Kaji kuwa dukiyar mata ce, su ne sabulu, su ne takalman yara, su ne fita kunyar baƙo. Saboda haka mata suka fi kowa sanin darajar Sirajo. In ya shiga gari, tun daga bakin rijiya ake fara kiran "Likita ya iso!", shi kuma sai ya ƙara miƙe wuya.

Bara ne abin ya lalace.

Akwai wani zangon Buzaye can arewa, Zangon Rabilu, bayan tuddan rairayi uku. Da can kabu-kabu Sirajo ke hawa in zai je. Da isansi, wato man fetur, ya yi tsada, ƴan moto suka ce hanyar nan tana shan mai kamar ba gobe, suka yanka mashi kuɗin da ya fi abin da zai samu a yinin gaba ɗaya. Sirajo ya yi fushi ya ce shi ƙafarshi ba aro ya yi ba. Ya saɓa kula ya kama hanya, bai isa ba sai bayan azahar. Ya zagaya bayan wani rumbu ya buɗe kula, ya taras da ledojin ƙanƙara duk sun zama ruwa, ruwan ma mai ɗumi. Ya leƙo, sai ga mata tun asuba sun kama kaji sun ɗaure, suna zaune suna jiran likita. Kunya ta rufe shi. Ya zubar da ruwan nan a gindin rumbu, ya fito yana murmushi, ya bi kajin nan ɗaya bayan ɗaya ya yi masu allurar banza.

Wata ɗaya da rabi bayan nan annoba ta shigo zangon, irin wadda ke murɗe ma kaza wuya. Ta kusa share akurki kaf. Tanna, tsohuwar da matan zangon ke jin maganarta, kaji arba'in ta rasa. Aka ce allurar Sirajo ce ta kashe su, maganar ta bi kasuwanni, har matarshi Asiya ta ji da kunnenta a bakin rijiya ana cewa "mai allurar mutuwa". Shi dai ya yi ta rantsuwa cewa ya yi aikinshi daidai, cuta ce ta fi ƙarfin magani. Wasu suka yarda, wasu suka daina kiranshi. Ba wanda ya san gaskiya sai shi da Allah, ko kuwa haka ya zata.

Bana da bazara, sai ga saƙon Tanna ta bakin wani mai sayar da gishiri. Mutumin ya ja Sirajo gefe ya ce, "Inna Tanna ta ce annoba ta shiga garuruwan gabas, kuma ba su da wani sai kai. Ka zo ranar Talata ta sama. Amma ta ce ita za ta sa hannu cikin kularka. In ta taras da ƙanƙara, ka yi aikinka, magana ta wuce. In ruwa ta taras, za ta tara mata ta hwaɗa masu abin da ta gani bara a bayan rumbu."

Gaban Sirajo ya yanke ya faɗi. Ashe tsohuwar ta gani! Ba ta san ma'anar abin ba a lokacin, sai daga baya ta ji a rediyo cewa maganin kaji sai da sanyi, ta haɗa ɗaya da biyu, ta riƙe a cikinta shekara guda.

Ranar bai iya cin tuwo ba. Ya ce ma Asiya, "Ragon nan zan saida in sayi keke."

"Ragon layyar, Malam?"

"Shi."

Ba ta tambaye shi dalili ba, don mace ce mai gane abu tun kafin a faɗa. Ta ce, "Layya tana dawowa kowace shekara. Je ka saida."

Ranar kasuwar Tasawa ya shiga motar safe da kuɗin rago cikin aljihun ciki. Kuɗin ba su da yawa, ba kuma za a kira su kaɗan ba, irin kuɗin nan ne da in ka yi kuskure sau ɗaya shi ke nan, ba na biyu. Ya nufi layin masu kekuna, ya tsaya a rumfar wani saurayi mai baƙin tabarau da ake kira Lamine. Sirajo da ba ya iya magana a hankali ya zayyana mashi komai: shi likitan kaji ne, hanyarshi rairayi ce, yana ɗauke da magani cikin ƙanƙara, yana son keken da zai kai shi Zangon Rabilu kafin rana ta take.

"Likita, ai ka zo gida," in ji Lamine. Ya jawo wani jan keke yana ta walƙiya, ko ledar jikinshi ba a gama cirewa ba. "Wannan shi ne betete na gaske, keken daji. Sabo dal. Dubi sifirin mai shanye gargada a gaba, dubi wani a tsakiya. Giya ashirin da ɗaya. In ka shiga gari bisa wanga, wallahi sai an ɗauka daga biron gwamnati aka turo ka."

Sirajo ya hau. Keken ya lotsa a hankali ya dawo da shi, kamar katifar gidan Alhazai. Nan take ya hango kanshi yana shiga zangon, yara na bin shi a guje, matan da suka zage shi suna riƙe da baki. Rabon da ya ji sanyi a ranshi haka tun bara. Lamine ya faɗi farashi, suka ja, suka ja, ya tsaya daidai kuɗin ragon, ko na motar komawa ba zai rage ba. Ga wani mutum kuma ya zo ya tsaya yana shafa sirdin, yana tambayar ko an saya. Sirajo ya tura hannu cikin aljihu.

"Ɗan Alhassan, ɗaga shi tukuna."

Ya waiwaya. Wani tsoho ne a gindin bedi, zaune bisa buhu, tsoffin tayoyi sun kewaye shi. Baba Mati mai gyaran keke ke nan, wanda ya yi shekaru yana gyara ma mahaifin Sirajo baƙin kekenshi. Sirajo ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya koma ya kama jan keken ya ɗaga. Sai da ya sa hannu biyu, jijiyar wuyanshi ta fito.

"To, aza kula, aza kanka, ka shiga rairayi da shi," in ji Baba Mati. "Af, ina ma za ka aza kular? Nuna mani inda za ka ɗaura kariyar ɗaukar kaya."

Sirajo ya duba bayan keken. Sifirin ɗin tsakiyar nan ya sa bayan yana hawa yana sauka, ba wurin ɗaura komai.

"Haba Baba, kasuwa hwa nike ci," in ji Lamine, ya cire tabarau.

"Ci kasuwarka, yaro, ai a wurinka zai saya. Ba dai wanga ba. Wanga na ɗan maikuɗi ne da zai je lakwal bisa kwalta. Sifirin ɗin nan, damina ɗaya zai fara kuka, in ya karye ko a Maraɗi sai ka sha yawo."

Sirajo ya nuna wani baƙin keke irin na da, mai tsawo. "To wancan hwa, Baba? Irin na tsoho."

"Jaki ke nan, zai ɗaukar maka buhu biyu bai yi ƙorafi ba. Amma dubi tayarshi, siririya. In kuka shiga rairayi kai za ka goya shi."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya shiga can ƙuryar rumfar inda aka jingine kekunan gwanjo, ya yi ta ture wannan yana ture wancan, ya fito da wani. Kai, jama'a! Ruwan toka ne, fenti duk ya kankare, sirdi ya yage soso ya leƙo, feda ɗaya baƙa ɗaya fara. Ba sifirin, ba madubi, ba komai, sai tayoyi masu faɗi da ƙuraje. Sirajo ya ji kamar an zage shi.

"Baba, rago hwa na saida. Ragon layya."

Baba Mati bai kula shi ba. Ya ɗaga keken da hannu ɗaya, tsoho da shi. Ya ɗauko sifana ya bi ƙarfen yana ƙwanƙwasawa, ya kara kunne yana saurare. Ya kifa keken ya bi duk mahaɗa da farce, yana neman inda aka yi walda aka rufe da fenti, bai samu ba. Ya kafa babban yatsa kusa da gefen taya ya juya ta, ta yi ta gudu ba ta karkata ta taɓa yatsan ba. Ya ja sarƙa ya ga ba ta saki ba, ya duba haƙoran ya ga ba su yi tsini ba. Ya nuna robar birki ya ce irinta ko a kasuwar ƙauye ana samu, kuma duk keken da ba a samun kayanshi a kusa da gidanka, ba naka ba ne, na mai gyara ne.

"Ƙashinshi lafiya lau," ya ce. "Sauran duk tufafi ne."

Mutumin nan na ɗazu ya riga ya hau jan keken yana gwadawa. Lamine ya ce, "Likita, ka yi magana, in ba haka ba ya tahi." Gumi ya keto ma Sirajo. Ranshi na kan jan nan, Allah ya sani. Shekara guda yana sunkuyar da kai, yanzu kuma a ce ya koma gida da wannan tarkacen, a yi mashi dariya tun daga tasha?

Baba Mati ya koma ya zauna bisa buhunshi. Ya ce, "Ɗan Alhassan, mi kake son kaiwa zangon nan, kanka ko ƙanƙara?"

Maganar ta soke shi inda ba ya so. Yana kallo har mutumin ya biya ya tura jan keken ya wuce ta gabanshi. Sannan ya ce ma Lamine, "Nawa ne wanga?"

Kuɗin ya rage mashi da dama. Baba Mati ya sa aka kawo kariya mai ƙarfi ya ɗaura. Ya yanko tsohuwar taya ya shimfiɗa cikin kowace taya kafin ya mayar da tif, don ƙaya. Ya nuna mashi giyar da ta fi sauƙin takawa. Ya ce ya sayi tif na ajiya, da faci, da famfo. Sannan ya kama hannun rigarshi ya ce, "Saura guda, kuma ita ta fi duka. In ka shiga rairayi, rage ma taya iska, har in ka danna ta lotsa. Ka san tafin raƙumi? Faɗinshi ke hana shi nutsewa."

Sirajo ya ce "To, Baba," irin "to" ɗin da ake ce ma tsofaffi. A ranshi ya ce tsufa ya fara taɓa Baba Mati. Wa ya taɓa rage ma lafiyayyar taya iska da gangan? A garinsu taya mai laushi abin kunya ce, yara ma sai sun bi ka suna "Ba iska! Ba iska!" Mahaifinshi sai ya bunƙasa taya ya ɗalle ta da yatsa ya ji ta yi ƙara kamar ganga kafin ya hau.

Ya sayi tif, ya sayi faci. Da ya zo wurin famfo sai idonshi ya faɗa kan wani madubi da ƙararrawa mai ƙyalli. Abin da ya rage mashi ba zai sayi duka ba. Ya ce ai maƙwabcinshi Dauda na da famfo, ya ɗauki madubi da ƙararrawa, don dai keken ya ɗan yi kama da na mutane.

Dariya kam an yi mashi. Wani ya tambaye shi ko a juji ya tsinta, wani ya ce Allah ya jiƙan rago. Asiya ta zagaya keken sau ɗaya ta ce, "In dai zai kai ka, ai ya yi." Ranar Litinin da la'asar ya aro famfon Dauda, ya yi ta bugawa har tayoyin suka yi tauri kamar dutse. Ya ɗalla, suka yi ƙara, ya gyaɗa kai.

Ranar Talata tun da ya sallame asuba ya taka zuwa Gidan Amumune, don a can ne mai shagon maganin dabbobi ke da firiji mai aiki da hasken rana, nan Sirajo ke karɓar magani da ƙanƙara. Ya taras da shago a rufe. Mai shagon ya tafi wurin suna. Sirajo ya yi ta safa da marwa a ƙofar shagon, yana kallon rana tana hawa, yana cizon yatsa. Sai da hantsi ya fito sosai mutumin ya zo yana tauna goro yana ba da haƙuri. Leda huɗu ta ƙanƙara ya samu. Ya jera su kewaye da kwalaben, ya rufe, ya nannaɗe kular da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure bisa kariya da roba.

Farkon hanyar ƙasa ce mai tauri. Keken nan ya kwasa kamar ba na gwanjo ba, ba nauyi, ba ƙara, sai kukan taya. Sirajo ya wuce amalanke biyu yana buga masu ƙararrawa. Har ya fara tsara abin da zai ce ma masu dariya.

Sai ga tudun farko. Tayar gaba ta shiga rairayi ta kafe kamar an riƙe ta, keken ya tuntsura, Sirajo ya tafi ta gefe. Bai ko duba gwiwarshi ba, kula ya fara cafkewa. Murfi bai buɗe ba. Ya sake hawa, taku uku ya sake nutsewa. Ya sauka ya fara turawa, rairayi na shiga takalmi yana ƙona ƙafa, tayoyin nan masu tauri suna yanka ƙasa kamar garma. Kafin ya haye tudun, buhun da ya jiƙa ya bushe ƙayau.

A tsakiyar tudu na biyu ya ji ƙarar da yake tsoro. Calak, calak, daga bayanshi. Ruwa ne ke motsi cikin leda. Ya tsaya cak. Ya kai hannu kan murfin ya janye, don in ya buɗe zafi zai shiga ya ƙarasa abin da ya rage. Rana ta kusa tsakiya, inuwarshi ta dawo ƙarƙashin ƙafarshi, ga sauran tudu ɗaya da rabi. In da turi zai ci gaba, bara ce ta dawo sak, sai dai bana ya haɗa da asarar rago.

Ya ja keken zuwa gindin wata aduwa ya zube. Can nesa wani makiyayi ne ke wucewa bisa raƙumi, dabbar na tafiya bisa rairayin nan hankali kwance. Sirajo ya bi ƙafafunta da kallo, sai maganar Baba Mati ta faɗo mashi. Ya danna tayar gaba da yatsa, ko gezau. Ya juya don ya ɗauko famfo ya ajiye kusa, sai ya yi ido huɗu da fuskarshi cikin madubi.

"Kai, Sirajo, amma kai wawa ne," ya ce da ƙarfi.

Ba famfo. Iskar da ya saki ta tafi ke nan. In ya rage da yawa, ƙarfen taya ya tsinke tif, to ko na ajiyar ba shi da amfani, sai dai ya saɓa keke da kula a ka. In kuma bai rage ba, ƙanƙara ta gama. Ya ɓallo ƙayar aduwa, ya yi bisimilla ya danna bakin bawul. Iska ta fita da huci. Ya saki, ya danna taya, da saura. Ya ƙara. Kowane huci sai ya ji kamar daga ƙirjinshi yake fita. Da ta lotsa ƙarƙashin yatsanshi ya bar ta, ya koma ta baya ya yi mata haka. Ya mayar da giya kan mai sauƙin nan, ya hau.

Taku ɗaya, biyu, biyar, goma. Keken bai nutse ba. Tayoyin sun baje bisa rairayi suna tafiya, a hankali dai, amma suna tafiya. Sirajo ya buɗe baki ya ƙwala, "Baba Mati, Allah ya ja da ranka!" Ba kowa a wurin sai fara. Ya duƙa ya yi ta takawa, cinyoyinshi na wuta, harshenshi ya bushe, ruwan goran da ya zo da shi ma bisa buhun kula ya juye shi bai sha ba. Ya haye na biyu, ya haye na uku. Calak ɗin nan kuwa sai ƙaruwa yake, har ya kai ba ya jin ƙarar wani abu mai tauri yana bugun kula.

Da ya shiga Zangon Rabilu ba yaron da ya bi shi. Ba a kama kaza ko ɗaya ba, suna ta kiwonsu a gindin bukkoki, ƴan tsirarun da aka sake tarawa bayan annoba. Mata na tsaitsaye a inuwa, ba wadda ta ce mashi sannu. Tanna na zaune bisa tabarma, ƴar ƙaramar tsohuwa cikin baƙin mayafi. Ya kwance kula ya kawo gabanta ya ajiye, ruwa ya yi calak, kowa ya ji.

Kada ku ce Sirajo waliyyi ne. Ya riga ya sallama ƙanƙarar, ya ga in dai za a faɗi maganar nan, gara ta fito daga bakinshi. Tanna ta miƙo hannu, ya dafe murfin.

"Inna, dakata." Ya ɗago ya dubi matan. "Bara da na zo, ƙanƙarata ta narke tun a hanya. Na sani maganin ya mutu. Na ji kunyar in hwaɗa maku, na yi ma kajinku allurar da ba ta da amfani. Ba allurar ta kashe su ba, amma da na hwaɗi gaskiya da kun saida wasu, ko kun nemi wani. Ni na cuce ku."

Wata mata ta ce, "Allah ya isa," ta juya baya. Wata ta fashe da kuka, ita ce ta rasa kajin da take tara ma ɗiyarta kayan ɗaki da su. Sirajo ya sunkuyar da kai, ya janye hannunshi daga murfin.

Tanna ta buɗe kaɗan ta zura hannu. Ta matsa leda ta farko, ruwa. Ta biyu, ruwa. Ta uku ma haka. Ta kai hannu can ƙasa inda kwalaben suke, ta daɗe tana lalube, fuskarta ba ta nuna komai ba. Sannan ta zaro leda ta huɗu ta ɗaga sama. Cikin ruwan ga wani ɗan dunƙule yana yawo, bai wuce goro ba. Ta kara ledar a kumatunta, ta taɓa kwalba ta ji sanyi ƙalau, ta yi maza ta mayar ta rufe.

Sirajo ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ka gani, ɗana," in ji Tanna, "da ka yi shiru da ka tsira."

Hawaye suka bi ƙurar fuskarshi. Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga bukkarta, ta fito rungume da wata jar kaza, ita kaɗai ta tsira mata bara. Ta ɗora mashi ita bisa cinya.

"Fara da wannan. Ku kuma mi kuke jira? Ku kamo kaji kafin sanyin ya ƙare!"

Ba duka suka kamo ba ranar. Mai "Allah ya isa" ba ta kawo nata ba sai da aka yi wata biyu, annoba ta ratsa yankin ta bar kajin Tanna a tsaye. Shi kuwa Sirajo, da ya fito daga rairayi da yamma ya hau ƙasa mai tauri, bai yi gangancin hawa taya ba iska ba, haka ya turo keken har gida, yaran garinsu na bin shi suna "Ba iska! Ba iska!" Kasuwa na zagayowa ya ba da madubin ya karɓi famfo.

Har yau keken nan na nan, feda ɗaya baƙa ɗaya fara, famfo ɗaure a jikinshi da roba. Sau uku a shekara yake haye tuddan zuwa Zangon Rabilu. Tanna ba ta ƙara cewa za ta duba kula ba. Amma duk zuwan da zai yi, kafin ya taɓa kaza ko ɗaya, sai ya kai kular gabanta ya buɗe murfin da kanshi, ya tsaya har ta sa hannu.